Ƙyalle Ɗaya, Ƙulli Biyu: Yadda Mutanen Japan Ke Ƙunshe Kaya

Duk ƙasashen da Allah Ya nufe ni da takawa, ban ga inda ake ɗaukar ƙunshi da muhimmanci kamar Japan ba. Shiga ƙaramin kantin bakin titi, irin waɗanda ba sa rufewa dare da rana, ka nemi ayaba ƙwaya ɗaya, za ka same ta cikin rigarta ta leda. Ka sayi kwalin biskit, kowane ɗaya da tasa ledar, an jera su a farantin roba, an rufe kwalin, an kuma naɗe shi da takarda mai zane. In ana ruwa, a ƙofar manyan kantuna akwai na'urar da za ka zura laimarka ta fito sanye da doguwar leda, don kada ta ɗiga a daɓe. A wurinsu miƙa wa mutum abu tsirara rashin ladabi ne. Amma ladabin nan yana da tsada. Rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2018 ya nuna cewa, in aka raba sharar robar ƙunshi bisa yawan jama'a, Amurka ce kaɗai ke gaban Japan.

A cikin wannan tulin leda ne idona ya soma kamo wani abu dabam. A unguwar Ryogoku ta birnin Tokiyo, inda babban zauren kokawar sumo yake, nakan ga samarin 'yan kokawa, ƙarti majiya ƙarfi, cikin doguwar rigar auduga da takalmin katako, kowanne riƙe da ƙunshin yadi mai ɗauke da ɗamarar kokawarsa da tawul da sauran tarkace. Waɗanda suka kai matakai biyu na sama su ne masu akwatin gora mai fenti, da sunansu a jiki, yara na ɗaukar musu. Ƙaramin ɗan kokawa kuwa ƙunshi ne rabonsa har ranar da zai yi suna. A Kasumigaseki, unguwar ma'aikatu da kotuna, na ga lauyoyin gwamnati masu gabatar da ƙara cikin baƙaƙen kwat, sun rungumo takardun shari'a ɗaure a yadi mai duhun shuɗi. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Takardun wata shari'ar ba su fi kaurin littafi ba, na wata kuma sai sun kai kamu guda, ga kayan shaida da ba su da siffa ɗaya. Jaka iyakar cikinta take ɗauka, yadi kuwa girman abin da aka ba shi yake bi, in an sauke kayan a ninke shi a sa aljihu. Da azahar kuma, a duk lambun shaƙatawar da ka leƙa, za ka ga ma'aikata suna kwance ɗan ƙyallen da aka ɗaure akwatin abincinsu da shi, su shimfiɗa shi a cinya, su ci a kai, su sake ɗaurewa.

Sunan wannan yadi furoshiki. Ba shi da zif, ba maɓalli, ba igiya, ba mariƙi. Ƙyalle ne mai kusurwa huɗu da aka kalmashe bakinsa, shi ke nan. Sauran aikin duk yana hannun mai shi, kuma abin da ya riƙe ni ke nan. Ba yadin ne abin mamaki ba, abin da yatsu suka iya yi da shi ne.

A Kiyoto na ga abin da idona sosai. Akwai wani layi da ake kira Muromachi, inda dillalan yadi suka yi kaka-gida shekaru aru-aru, kuma a nan kusa muka shiga wani kanti da ba a sayar da komai a cikinsa sai furoshiki. Wata dattijuwa ce ke tsaron wurin, 'yar siririya, mai furfura, magana ƙasa-ƙasa. Abokin da ke yi mini tafinta ya gaya mata daga nesa na fito. Ba ta fara da tallar kaya ba. Ta zaro yadin auduga ta baza a tebur.

"Baƙonmu, kama nan da nan, ka ja," in ji ta, ta nuna mini gefe biyu masu fuskantar juna. Na ja, yadi ya tsaya ƙyam.

"To, yanzu kama kusurwa da kusurwa."

Da na ja ta karkace sai na ji yadin ya saki jiki, ya miƙe, ya dawo. Ta ce sirrin duka ke nan. Zaren saƙa ba ya miƙewa a tsaye ko a kwance, amma a karkace yana bayarwa, shi ya sa kullum a karkace ake ɗora kaya, kusurwa na kallon mai ɗauri. Ta haka yadin ke rungumar kwali mai kaifin gefe, ya rungumi tulu mai ciki, ba tare da ya bar gurbi ba. Ta kuma nuna mini cewa na gargajiya ba murabba'i ne cif ba, tsawonsa ya ɗan ɗara faɗinsa.

Daga nan ta ɗauko kwalabe biyu dogaye. Ta kwantar da su a tsakiyar yadin, gindi na kallon gindi, ta bar tazarar dunƙulen hannu a tsakani. Ta ja kusurwar da ke gabanta ta rufe su, ta mirgina su gaba har yadin ya ƙare, ya zama doguwar naɗi ɗaya. Sai ta kama bakin nan da bakin can ta ɗaga, kwalaben suka miƙe tsaye kafaɗa da kafaɗa, ta ƙulle bakunan a sama. Ta miƙo mini ta ce in girgiza. Na girgiza, ko ƙaras ban ji ba, don yadin da ke tsakaninsu ya hana su haɗuwa. Ta kawo ƙwallo mai girman kankana ta ajiye a tsakiya, ta ɗaure kusurwa biyu na kusa da ita, ta ɗaure biyu na nesa, ta zura wannan madauki cikin wancan, ta ja. Nan take abu ya zama jaka mai hannu ɗaya, ƙwallon ya zauna daram. Duk wannan bai kai lokacin da mutum zai sha kofin shayi ba, kuma hira take yi, ba ta ma duban hannunta.

Ta ce ƙulli biyu kacal mutum ke bukata. Na farko shi ne ka ƙulle kusurwa ɗaya a kan kanta. Da shi ake yin jakar cefane: a ninke yadin ya zama mai kusurwa uku, bayansa a waje, a ƙulle bakin dama da na hagu, a juya shi ƙullin biyun su shige ciki, a haɗa bakuna biyun da suka rage a sama. Na biyu shi ne na haɗa baki biyu, wanda suke kira mamusubi: ka ɗora dama kan hagu ka zagaya, sannan hagu kan dama ka zagaya. In an yi shi daidai, kunnuwansa kwanciya suke yi a miƙe, kuma duk nauyin kaya ƙara tamke shi yake yi. Amma kwance shi ba ya bukatar farce ko haƙori. Ta kama kunne ɗaya ta fizge shi baya har ya yi layi ɗaya da jikin yadin, ta riƙe ƙullin ta zare shi sumul. Sannan da gangan ta yi wani, dama kan hagu sau biyu, kunnuwan suka tashi tsaye. Ta girgiza kai. Wannan zamewa yake yi a hanya, kuma irinsa ake yi wa tufafin mamaci, don haka ba a kai wa mai rai kyauta da shi.

Girman yadin ma da ƙa'idarsa. Ƙarami, mai santimita 45 zuwa 50, na akwatin abinci ne da ambulan kuɗi. Mai kimanin 70 shi ne na kai kyauta. Mai 90 na kwalabe da cefane. Akwai wanda ya haura mita biyu, na naɗe katifa da barguna. Na fita kunya na alharini ne, irin mai ɗan gurje-gurje a jiki da ake saƙawa a yankin Tango, arewacin lardin Kiyoto, da zaren da aka murɗe tamau. Na aikin yau da gobe kuwa auduga ce, mai jure wanki.

Abin ya daɗe. A Nara, bayan babban wurin ibadar Todaiji, akwai wani rumbun katako da aka ɗora kan ginshiƙai, sunansa Shosoin. A nan aka adana kayan Sarki Shomu, waɗanda matarsa Komyo ta sadaukar a shekarar 756 bayan rasuwarsa. Daga waje ake tsayawa a kalli ginin, kayan kuwa sau ɗaya a shekara ake fito da kaɗan daga cikinsu a gidan tarihi na Nara. Cikin abubuwan da suka tsira akwai yadukan da aka ƙunshe rigunan malaman addininsu da tufafin masu rawa. Wato fiye da shekara 1,200 ke nan ana wannan ɗauri. Sunan da ake kiransa da shi yanzu daga gidan wanka ya samo shi. Ana ba da labarin cewa shugaban mayaƙa Ashikaga Yoshimitsu, wanda ya rasu a 1408, ya gina katafaren ɗakin wanka a Kiyoto yana gayyatar hakimai, kowanne ya ƙunshe tufafinsa a yadi mai tambarin gidansu don kada su cakuɗe, in ya fito ya shimfiɗa shi ya tsaya a kai ya shirya. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, gidajen wanka na kuɗi suka bazu a birane, talaka ma ya shiga sahu da nasa ƙunshin.

Birnin Edo, wanda shi ne Tokiyo ta yau, gari ne na katako da takarda, gobara kuwa ba ta yi masa da sauƙi ba. Ta shekarar 1657 ta cinye fiye da rabin birnin, ta hallaka dubun-dubatar mutane. Wani abin da ya ƙara ta'azzara asarar rai shi ne manyan akwatuna masu ƙafar taya da mutane suka turo suka toshe lunguna, har daga baya hukuma ta hana su. Sai talakawa suka koma dabarar shimfiɗa babban furoshiki a ƙarƙashin katifa kafin su kwanta. Da an buga ƙararrawar gobara, a watsa 'yan kayan amfani a kan shimfiɗar, a haɗa kusurwa huɗu, a saɓa a baya, a yi ta kai.

Waɗanda suka fi burge ni a tarihin nan su ne masu tallar magani na Toyama, a gaɓar tekun yamma. Tun ƙarshen ƙarni na 17 suke ratsa ƙasar a ƙafa, da adudai na saƙar itace, ƙarami cikin babba, an naɗe su duka a ƙaton yadi mai duhu, an ƙulle a ƙirji. Cinikinsu na amana ne. Mai magani zai bar akwati cike a gidanka bai karɓi ko sisi ba. Bayan wata shida ko shekara ya dawo, ya ƙirga abin da aka sha, a biya shi kuɗin wannan kaɗai, ya cike gurbi, ya canza wanda ya tsufa, ya ba yaran gida balan-balan ta takarda, ya rubuta komai a littafinsa, ya ɗaure kaya ya wuce gaba. Har yau ana irin wannan ciniki, sai dai da mota ake zagayawa. Na tsaya gaban irin wannan kaya a wani gidan tarihi na garin, na duba inda ƙullin ke zama, wurin ya koɗe ya yi laushi saboda gumi da shekaru. Yadin nan shi ne jakar mutumin, shi ne rumfarsa in ruwa ya sauko, shi ne teburin da yake baje hajarsa a zauren mutane.

Akwai wani zanen furoshiki da duk ɗan Japan ya sani, kore mai farin reshe yana murɗawa ba iyaka, alamar tsawon rai da yaɗuwar zuri'a. An buga shi da yawa a masana'antu har ya zama kusan kowane gida akwai babba guda a cikin durowa. Shi ya sa a zanen barkwancinsu ɓarawo kullum da koren ƙunshi a baya ake nuna shi: hannu rabbana yake shigowa, ya zaro na masu gida, ya kwashe kayansu a ciki.

Inda na fahimci matsayin yadin a zuciyar mutanen nan shi ne ranar da abokina ya ɗauke ni gaishe da wani tsohon malaminsa. Ya sayi kwalin alewar wake, ya naɗe shi a furoshiki na alharini mai launin shunayya. Bai ƙulla ba, ninkewa kawai ya yi, kusurwa bisa kusurwa, don a wurin girmamawa ƙunshin da ba ƙulli shi ne mafi daraja. Shunayya kuma ya zaɓa don ita ce launin da ke shiga gidan biki ta shiga gidan makoki. Tun daga tashar jirgi a ƙirji ya rungume shi, bai rataya ba, bai lilo da shi ba. Da muka cire takalma muka shiga, aka durƙusa a tabarma aka gama gaisuwa, sai ya ajiye ƙunshin a gefensa, ya buɗe da kansa, ya ninke yadin ya kawar, ya juya kwalin fuskarsa ta kalli mai gida, ya tura da hannu biyu.

"Malam, ga ɗan abin da ba shi da yawa, a taɓa," in ji shi, kansa a sunkuye.

Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Yadin kuwa ya koma cikin jakar abokina. A hanyar dawowa ya yi mini bayani: aikin yadin shi ne tare ƙurar hanya, ba a miƙa wa babba abin da ya sha ƙura. Kuma in ka bar shi a gidan, tamkar ka ce a mayar maka da shi da wani abu a ciki ne. Na jima ina juya wannan magana. Ga ƙunshi mafi kyau da na taɓa gani an yi wa kyauta, amma ko ƙwayar shara bai bari ba, saboda tun asali ba a yi shi don a bar shi a can ba. Yadi ɗaya zai kai kyautar bazara, ya kai ta ƙarshen shekara, ya je ɗaurin aure, ya je ta'aziyya, uwa ta bar wa 'yarta.

A yankin Izumo, lardin Shimane, har yanzu akwai 'yan tsirarun marina da ke yin na amare. Ana dama garin shinkafa mai danƙo ya yi kauri, a zuba a mazurarin takarda mai bakin ƙarfe, marini ya riƙa matsawa yana zana tambarin gidan a tsakiya, a kusurwoyi kuma gauraka da kunkuru da gora, alamomin tsawon rai. In ya bushe a tsoma a baba, a fitar ya sha iska, a sake tsomawa, har shuɗin ya kusa zama baƙi. Sannan a kai rafi a wanke ƙullun shinkafar, zanen ya fito fari tas. Da irinsu ake naɗe kayan amarya ranar tarewa, kuma su ne za su yi mata hidima har tsufa.

Abin da gobara da yaƙi ba su kashe ba, kantin zamani ya kusa kashewa. Daga shekarun 1960 zuwa 1970 manyan kantuna suka cika ƙasar, suna ba da jakar takarda da leda kyauta. Matasa suka ɗauki furoshiki kayan tsofaffi da 'yan ƙauye. Yadukan ba su ɓata ba, suna nan a ninke a durowa. Abin da ya ɓata shi ne iyawa. Tsara guda ta tashi ba ta san dama kan hagu, hagu kan dama ba, kuma wanda bai iya ba ba zai koya wa ɗansa ba.

Gwamnati ta yi yunƙurin farfaɗo da shi a 2006. Ministar muhalli ta lokacin, Koike Yuriko, wadda daga baya ta zama gwamnar Tokiyo, ta fito da wani furoshiki da aka saƙa da zaren tsofaffin gorunan roba, aka buga masa zanen tsuntsaye da furanni na Ito Jakuchu, mai zanen Kiyoto na ƙarni na 18. Ma'aikatar ta kuma raba takarda mai hotunan hanyoyin ɗauri. A daidai lokacin ne Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta ci lambar Nobel ta zaman lafiya a 2004, ke yawo da kiran ƙin almubazzaranci da ta tsinto a ziyararta Japan a 2005, abin ya haɗu ya yi amo. Lardin Toyama, garin masu maganin nan, shi ya fara daina ba da leda kyauta a manyan kantunansa baki ɗaya a 2008. Ƙasar gaba ɗaya sai a ranar 1 ga Yulin 2020 ta bi sahu, leda ta koma ta kuɗi, yawanci yen 3 zuwa 5. Kuɗin ba komai ba ne, amma yanzu sai mai kanti ya tambaye ka ko kana so, kuma tambayar kaɗai ta yi aiki: a ƙananan kantunan nan, kimanin mutum uku cikin huɗu sun koma cewa a bar ta.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ba furoshiki ne ya ci wannan riba ba. In ka tsaya a layin biya, abin da za ka ga mutane na zarowa jakar yadi ce mai ninkewa, ɗinkakkiya, mai hannu biyu, wadda ba ta bukatar a koyi komai. Ledar cefane ma kaso kaɗan ce cikin sharar robar ƙasar, kuma fiye da rabin wannan shara ƙona ta ake yi a samu zafi da lantarki, ba sake sarrafa ta ake ba. Ayabar nan tana nan cikin ledarta.

Wani abin da ya fi damuna shi ne yadda yadin ya zama kayan ƙawa. An kai shi har Faris a 2018, aka kafa rumfa mai siffar ƙaton ƙunshi a gaban ginin magajin gari, manyan masu zane suka yi nasu. A kantunan tsaraba na filin jirgi ana sayar da shi kala-kala, wasu ma kowanne a cikin ledarsa. A Turai da Amurka an mai da shi madadin takardar naɗe kyauta, a ba ka kyauta har da yadin, ka kai gida ka jefa a durowa. To, noman auduga na shan ruwa da taki da maganin ƙwari, rini ma haka. Hukumar muhalli ta Ingila ta yi lissafi a 2011 cewa sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin ta fi ledar da aka yi amfani da ita sau ɗaya sauƙi ga ɗumamar yanayi. Yadin abokina ya wuce wannan adadi tuntuni. Wanda aka saya don sha'awa aka ajiye kuwa, ɓarnarsa ta fi ta ledar da aka guje wa. Duk amfanin abin yana cikin maimaitawa ne, maimaitawa kuma ba ta yiwuwa sai hannu ya saba har ya daina tunani, kamar na dattijuwar nan.

Ba zan ɓoye ba, duk lokacin da nake kallon wannan ɗauri iyayenmu mata nake tunawa, yadda ake jera kwanon tuwo da na miya, a kife faifai, a ɗaure da ƙyalle kusurwa huɗu, a ɗora wa yaro ya kai gona ko gidan surukai, miya ba ta zube ba, da yamma ƙyallen ya dawo a wanke. Ba wanda ya taɓa kiran wannan fasaha, balle a buɗe masa kanti. Yau har kunu da miya a baƙar leda ake ƙullawa, damina na zuwa ta toshe magudanan ruwa, mahauta na ciro ta dunƙule-dunƙule daga tumbin awaki. Mutanen Japan sun yi sakaci irin namu, amma su sun rubuta hanyoyin ɗaurinsu, sun ba kowace suna, sun zana ta a takarda, ta yadda wanda kakarsa ta rasu bai koya ba zai iya farawa daga littafi.

Wurin da na ga yadin na samun sabuwar rayuwa ta gaske ba kanti ba ne, wajen shirin ko-ta-kwana ne. Japan ƙasar girgizar ƙasa ce. Ranar 1 ga Satumba ta kowace shekara ranar atisayen bala'i ce, don tunawa da girgizar 1923 da ta rusa Tokiyo da Yokohama, kuma tun bayan girgiza da ambaliyar teku ta 11 ga Maris 2011 mutane suka ƙara ɗaukar abin da gaske. A wani zauren unguwa na zauna cikin iyaye da yara 'yan firamare, wata malama na koya musu abin da yadi ɗaya zai yi wa mutumin da ya fito daga gida da rigar jikinsa kawai. A ninke shi ya zama mai kusurwa uku a rataye karyayyen hannu. A sa tawul a ciki a ɗaure a ka, saboda faɗowar tarkace. A rufe hanci daga hayaƙi da ƙura. A haɗa biyu su zama jakar goyo, hannuwa su samu sararin riƙe yaro ko tsoho. A zauren makaranta inda ɗaruruwan mutane ke kwana wuri ɗaya, a rataye shi ya zama labule ga mai shayarwa ko mai canza tufafi. Ta fito da wani irin da ake yi a Kiryu, tsohon garin masaƙa a lardin Gunma, wanda aka yi wa aikin da ruwa ba ya kama shi. Ta ƙulle kusurwoyinsa, aka juye masa ruwa daga bokiti, ta ɗaga, ruwa ya tsaya a ciki, yara suka ɗauki sowa. Ta matsa shi sai ruwan ya riƙa fitowa tsiri-tsiri ta ƙofofin saƙar, ta ce da haka za a yi wa jariri wanka ko a wanke rauni.

Sannan ta sa kowa ya rufe ido ya ɗaura mamusubi, don in ƙasa ta girgiza lantarki ne ke fara ɗaukewa. Ta bi layi tana fizgar ƙullin kowane yaro da ƙarfi. Wanda nasa ya zame, ta ce, "Sake, ɗana," ta tsaya a kansa har ya yi daidai, iyaye ma ba ta ɗaga musu ƙafa ba. Kafin a tashi ta ce kowane gida ya sa yadi mai santimita 90 ko fiye a jakar gaggawar da ke bakin ƙofa, tare da tocila da rediyo da ruwan sha na kwana uku, kuma kada a bar shi sabo a ninke, a riƙa zuwa cefane da shi ko sau ɗaya a mako don ya yi laushi, yatsu kuma kada su manta.